Rabin Gonar Namadi

Shekara tara ke nan da Namadi ya ba da rabin gonarsa a Jabo don a gina makaranta. Aka ce ginin yana cikin tsarin shekara goma. Bai sake sa fartanya a wurin ba, ko a shekarun da hatsinsa ya ƙare kafin kaka.

Ran nan jami'in ilimi ya zo.

"Baba, an sake tsari. Garin Sanyinna za a kai makarantar. Noma abinka."

Namadi ya nemi fushi a ransa, bai samu ba.

"Yaro, ba na karɓe kyautar da na yi."

Da ruwa ya sauka, ya shuka nasa rabin, ya koma gida.