Ƙafar Maijego

Kwana tara bayan Yasmin ta haihu, ƙafarta ta hagu ta kumbura. Daga gwiwa zuwa idon sawu ta yi tauri da zafi, ko banɗaki ba ta zuwa sai da dafa bango. Tana wankan jego ne a gidan mahaifinsu a Unguwar Dosa, kuma ƙanwarsa, Gwaggo Uwani, ita ta zo daga Katabu ta riƙe wankan.

Gwaggo ta duba ta ce sanyi ne ya taru, maganinsa ruwan zafi da tausa mai ƙarfi, haka take yi wa masu jego shekara talatin. Ta sa aka kira Mero, yayar Yasmin, wadda ta yi shekara guda tana koyon tausa a wata makaranta a Doka. An koya musu jijiyoyi da yadda jini ke gudana, ta ci jarrabawa aka ba ta takarda.

"Ga likitar shafe-shafe ta iso," in ji Gwaggo. "Zo mu ga abin da takarda ta koya wa hannu."

Mero ta ɗora tafinta a kan ƙafar, ta ji taurin da zafin. Wannan shi ne abin da aka fi ja musu kunne a kai: ƙafa ɗaya mai kumburi da zafi, balle ta maijego, ba a murza ta. Wataƙila jini ne ya daskare a jijiya. In aka matsa, gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu, mutum ya mutu ana kallo.

Ta faɗi haka kanta a ƙasa. Gwaggo ta yi dariya, ta ce ita ta tausa uwarsu lokacin da aka haifi Meron, in ba za ta iya ba ta matsa ta ba ta wuri.

Gwaggon nan ita ta riƙe Mero bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma Mero ba ta taɓa musa mata ba. Mahaifinsu yana kasuwa. Aminu, mijin Yasmin, yana taro a ofis, wayarsa na ta ƙara babu amsa. Sai Mero ta ce za ta yi.

Ta ɗebi man kaɗanya ta fara daga kafaɗu don ta ja lokaci. Ta bi baya a hankali, ta bi hannuwa yatsa bayan yatsa, ta sauka kan ƙafar dama mai lafiya. Gwaggo na zaune a bakin ƙofa da jaririya a cinya, tana tambaya ko ciwon ya yi ƙaura zuwa wuya ne. Bayan rabin awa, babu inda ya rage sai ƙafar hagu.

Jin nauyin manya tarbiyya ce. Amma wanda ya san gaskiya ya yi shiru ana shirin ɓarna, tsoro ne kawai yake ji, kuma Mero ta san da haka.

Gwaggo ta kwantar da jaririyar, ta naɗe hannun riga, ta miƙa hannu ga ƙafar. Mero ta riƙe mata wuyan hannu.

"Sake ni, 'yar nan."

"Gwaggo, ki yafe mini. Ba zan saki ba."

"Ni kike riƙewa?"

"Ki dake ni in kin so. Wannan ƙafar sai asibiti."

Yasmin ta ce cikin kuka a kai ta kawai. Mero ta tare keke mai ƙafa uku, suka tafi su biyu. A asibiti aka ɗauki hoton ƙafar, aka ga gudan jinin, aka kwantar da ita ana yi mata allura.

Kafin la'asar, da mahaifinsu ya dawo, Gwaggo ta miƙa masa jaririyar, ta ɗaure kayanta ta koma Katabu, tana cewa mutanen asibiti ba sa rasa sunan cuta. Ranar Juma'a Mero ta bi ta har can don ta ba da haƙuri. Ta durƙusa a tsakar gida ta gaishe ta. Gwaggo ta amsa daga cikin ɗaki, ta tambayi jikin Yasmin, amma ba ta ce Mero ta shigo ba.