Wuyan Albasa

Kwana bakwai ke nan albasata tana kwance a fili, ni kuma ban yi barcin kirki ba tun ranar da aka tuge ta.

A Kashin Zama, ƙauyenmu da ke ƙasar Aliero, ba haka ake yi ba. Ranar da aka tuge albasa, ranar ake yanke ganyen, mata su kwashe su daka su yi gabu na miya, ita kuma a zuba ta cikin rudu, ɗakin kara da ake ɗorawa a kan itace don iska ta riƙa ratsa ta har tsakiyar damina. Ni na hana a yanke. Na sa an jera ta layi-layi, ganyen wannan layi ya rufe kawunan na gabansa, na ce sai ta yi kwana goma wuyanta ya bushe, kamar yadda aka koya mana a makarantar aikin gona. Ta ɗanyen wuya ruɓa ke shiga. Duk shekara kusan rabin abin da ke rudun Baba zubarwa ake yi.

Shekara biyu da yanke Kebbi daga Sakkwato ɓarin jikin Baba ya shanye. Ba shi da ɗa namiji, ni Salima kaɗai ce. Ƙaninsa, Baffa Ɗanasabe, ya so ya miƙa gonar fadamarmu ga ɗansa Rufa'i, ni kuwa na durƙusa gaban tabarmar Baba na ce ban yarda ba. An yi ta ja har lokacin dashe ya kusa wuce mu, shi ya sa albasata ta zo a makare. Daga ƙarshe Baffa ya yanke magana: rani guda ya ba ni. In albasa ta lalace a hannuna, gona ta zama ta Rufa'i.

Na sha magana a kwanakin nan. A bakin rijiya ana cewa 'yar boko ta shanya albasa kamar wanki. Rufa'i ya aiko a tambaye ni ko zan sa a riƙa yi mata fifita. Gwaggo Hindu, yayar Baba, wadda ta shekara talatin tana kai gabu kasuwar Jega, ta daina amsa gaisuwata, don ganyen da take jira yana can yana bushewa a banza. Bayan la'asar dai nakan hau tudun da ke bayan gari, domin daga can ake ganin sama gaba ɗayanta. Bazara ta kama, ruwa guda in ya sauka a kan albasar nan, an gama da ni.

Tudun ba shi da komai sai jan dutse da ƙaya. Daga kansa ƙasa take shimfiɗe har iyakar gani, busasshiya, ja, sai ɗan koren fadama da ya ratsa ta kamar zare. Ran nan ta bakwai iska ta tsaya cik. Na zauna a kan dutse, zafinsa ya tashe ni. Na tsaya, na zagaya, na sake zama. Rana tana gangarawa wajen Jega, jawur, ta rina ƙurar manyan motocin da ke kan hanya. Can ƙasa ina hango layukan albasata, goma sha takwas, gefensu kuma rudun da na sa aka ɗaure, babu komai a ciki. Yamma tas take, ko ɗigon girgije babu. Ita na zuba wa ido, don ita ce ke gaya mini abin da nake son ji. Na ce a raina saura kwana uku, kuma ko me za a ce sai na cika su.

Sai na ji numfashi da ƙarar sanda a kan tsakuwa. Gwaggo ce, ta hawo tudun da ƙafar nan tata mai ciwo. Na tashi zan kama ta, ta ture hannuna.

"Mi kike kallo nan?"

Na ce sama nake dubawa, Gwaggo.

"To, 'yar boko, a makarantar taku ta yamma anka ce muku hadari ka tasowa?"

Na san ta gabas yake zuwa, kowane yaro ya sani. Na juya ba da son raina ba. Ƙasan gabas ya yi duhu-duhu, ba baƙi sosai ba, kamar gindin tukunya sabuwa. Na ce ai jiya ma haka ya yi ya watse. Ta ɗaga sanda ta nuna mini wata kuka a gindin tudun. Tsuntsaye ne baƙaƙe masu farin ciki, guda biyar ko shida, suna sauka a kanta ɗaya bayan ɗaya, hasken rana yana dukan fikafikansu. Shamuwa. Ita ba ta zuwa sai ruwa yana bayanta.

Na ce da ita ko shamuwa ɗari suka zo, kwana goma aka ce. In na kwashe da ɗanyen wuya ta ruɓe a rudu, Baffa ya ci. In na bari ruwa ya dake ta, Baffa ya ci. Gara in faɗi a kan abin da na sani.

Gwaggo ta kwance bakin zanenta ta fito da albasa guda. Daga gonata ta ɗauko ta, ta biya ta can kafin ta hawo.

"Matsa wuyanta."

Na matsa. Ya yi ƙaras a tsakanin yatsuna kamar busasshiyar ciyawa. Na murɗe shi, ko danshi babu. Na kai hanci, na sake murzawa.

"Wanda ya rubuta kwana goma bai san zafin ranar Aliero ba," in ji ta. "Tun shekaranjiya ta bushe. Ke kina bisa tudu kina ƙidayar kwana, ba ki duƙa kin taɓa ba."

Gaskiya ta faɗa. Kullum ina zagaya gonar, amma tsoron abin da zan tarar ya hana ni sa hannu. Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mini tun shekaranjiyan ba. Ta ce wadda ta hana ta ganye ba ta cancanci magana ba, yanzun ma don ƙanenta da ke kwance ta hawo.

Rana ta taɓa ƙasa. Rabinta ya nutse, inuwar tudun ta miƙe ta haɗiye gari. Na tsaya ina lissafin hannuwa. Layi goma sha takwas, a yanke, a ɗauka, a jera a rudu kafin gobe da yamma. Ni da mutum biyun da ke taya ni ba za mu iya ba. Amalanke da majiya ƙarfi suna gida ɗaya ne a danginmu, gidan Baffa.

Gwaggo ta karanta fuskata. "Girman kai ko gona, ɗiyata. Zaɓi guda, kiran salla ya kusa."

Na riga ta sauka. Na sami Baffa a ƙofar gida yana alwala, Rufa'i yana tsaye kusa da shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina roƙon amalanke da mutane gobe da asuba. Rufa'i ya yi dariya ya ce ashe littafin ya ƙare. Ban dube shi ba. Na ajiye albasar nan a kan tabarmar Baffa. Ya gama wanke ƙafarsa, ya ɗauka, ya matsa wuyan, ya daɗe yana jujjuya ta. Sannan ya ce wa Rufa'i ya ɗaure shanu tun kafin gari ya waye.

Ruwan ya sauko washegari bayan la'asar, da iska mai tsanani. Layi goma sha biyar mun shigar, uku ya dake su, kuma a cikin mako suka narke ina kallo. Baffa ya ce magana tana nan yadda take, sai ranar buɗe rudu.

Wata huɗu na yi ina zagaya rudun nan safe da yamma, ina sunsuna jikin kara. Ranar da aka buɗe, gero ya fara fitar da kai. Baffa ya zura hannu har kafaɗa ya zaro daga ƙasa, ya zaro ta biyu, ya zaro ta uku. Dukansu da tauri, ɓawonsu yana ƙara. Ya wuce ɗakin Baba, na ji yana gaya masa a bar wa Salima gonar.

Gwaggo kuwa har yau tana bina ganyen shekarar nan. Na ware mata layi biyu a bakin gona, nata ne, ta yanke ɗanye ranar da ta ga dama.