Shatin Hannu a Kan Shuɗi

Farin yadi ne ke shiga hannun Kawu, fari kuma yake fita, shi ya sa babu wanda ya taɓa yabon aikinsa. Shekara goma sha huɗu ke nan yana wanke yadi ya raba shi da sitaci da maiƙo, ya tsoma shi a ruwan haɗi mai yauƙi, ya matse, ya busar. Sai an yi haka tawadar injin bugawa ke zama inda kwamfuta ta ce ta zauna, ba tare da ta nashe ba. Yabo na mai zane ne da mai inji. Shi Kawu sai abu ya lalace ake tunawa da shi, kuma an riga an tuna da shi sau biyu a bana. Manaja ya ce na uku shi ne sallama.

Sodar da ke cikin haɗin ta daɗe tana cin hannuwansa, har tafukan suka tsattsage. Da safen nan autarsa ta tare ƙofa da kwalbar man shafawa, ta ce ba inda za shi sai ta murza masa. Ya yi ta mita wai ta mayar da shi jariri, amma fa ya ji daɗi, don tun rasuwar mahaifiyarta babu wanda ya riƙe masa hannu.

A wurin aiki ya sa safar hannu ta roba kamar kowa. To amma Kawu bai yarda da safa ba wajen lalubo inda yadi ya tattare. Ya cire ta ya bi yadin da tafin hannu yana miƙarwa, yadda ya saba. Bai tuna da man ba sai da rana ta take, da kofin shayi ya sulluɓe masa. Lokacin tuni mita sittin na yadin sun shiga inji.

Ya roƙi mai inji ya tsayar. Mutumin ya leƙa, ya ce shi bai ga komai ba, kuma saura kaɗan a gama. Gaskiyarsa ne. Maiƙo ba ya tona kansa sai an turara yadi an wanke. Kawu ya tsaya yana kallon kan injin yana kai da kawo yana fesa shuɗi, babu abin da zai iya sai jira.

Da yamma aka shimfiɗa yadin a dogon tebur. Shuɗin ya yi kyau har ya ba da haushi. Sai dai duk bayan taku biyu ga koɗaɗɗen shatin hannu nan, yatsu biyar cif, har ƙarshen teburin.

Manaja bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Kawu, ɗora hannunka a nan," ya ce.

Ya ɗora. Hannun ya zauna daram a kan shatin. Sauran ma'aikata kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Manaja ya ce ya bar makullin ɗakin haɗi a ofis.

Yana bakin titi wayarsa ta yi ƙara. Autar ce, tana tambayar yaya hannun.

Ya buɗe tafinsa ya duba. "Ya yi laushi, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

"Ai na faɗa maka, Baba. Gobe ma sai na shafa maka kafin ka tafi aiki."

Ya ce to.