Lambar da Ta Fi ta Kowa

Kwana tara ina soka wa cikina allurar ƙara ƙwan haihuwa don a yi min dashen ciki, duk fatar ta yi tsami. Kullum a ɗebi jininmu a asibiti, mu jeru a benci muna gwada sakamako sai ka ce 'yan firamare. Yau lambata ta fi ta kowa.

"Yaya, kin haye!" in ji ta kusa da ni.

Da na shiga, likita ta girgiza kai. "Sinadarin nan ya yi saurin hawa. Mahaifarki ta riga ƙwan shiryawa, in muka dasa yanzu da wuya ya kama. Sai bayan wata biyu."

Na fito ina jan ƙafa. Matan benci suka ce in sa su a addu'a.

Na ce to.