Mai Tsani Bai Dawo Ba

A bugu na uku kwaɗon ya saki. Mai gidan haya ya sauke guduma, ya ce shi dai ya yi nasa, in akwai abin gani a ciki masu ɗaki su gani. Ya kaɗe hannu ya kama gabansa.

Tela ne ya tura ƙofar. A bayansa akwai 'yar Mai Tsani, malamar makaranta, wadda ta yi tafiyar awa huɗu a mota saboda kwana uku ke nan tana kiran mahaifinta ba a ɗauka. Wayar kuwa ga ta nan a kan katifa, cajinta ya ƙare. Gado a gyare, kofin shayi a kife, tabarau a kan rediyo. Mutum ne dai babu.

"To ina ya shiga, Baba Tela?" in ji ta. "Na je wurin 'yan sanda, sun ce in jira. Na je babban asibiti, na ce musu dattijo ne mai tsabta, farar riga, tabarau, gemu a gyare. Suka duba littafi suka ce ba a kawo irinsa ba. Gawa uku ce kawai da ba a san masu su ba: wata mata, wani matashi da mota ta kaɗe, da wani lebura. Su ma yau da la'asar za a kwashe a binne, wai wuri ya cika."

Idon Tela na kan labulen da ya raba ɗakin biyu, domin ya san abin da ke bayansa.

Shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka da Mai Tsani, bango ɗaya ne tsakanin shagonsa da ɗakin nan. Ranar da mutumin ya tare a ɗakin, da tsani a kafaɗa ya shigo, shi ke nan suna ya bi shi. Wasu su ce mai gyaran wuta ne, wasu su ce mai fenti. Wata maƙwabciya ta taɓa roƙonsa ya duba mata soket, ya ce bayansa na ciwo, ta yi wata guda ba ta gaishe shi ba. Tela kaɗai ya san gaskiya. Lauyoyi da kamfanonin inshora ne ke ɗaukarsa ya sa ido a kan mutane: wanda ya rantse ƙafarsa ta karye alhali yana buga ƙwallo, ko ɗan kasuwar da ke kwashe kaya daga sito kafin a shiga kotu. Aikinsa ya zauna, ya kalla, ya ɗauki hoto, ya tashi ba wanda ya san ya zo.

Yadda Tela ya sani kuwa, wata rana ce mutumin ya shigo shago da yadin kaki.

"Riga nake so, amma ka ɓata ɗinkin."

"In ɓata? Malam, ka san da wa kake magana? Shekara talatin ina kan keken nan."

"Shi ya sa na zo wurinka. Wanda bai iya ba ai ba zai iya ɓatawa daidai ba. Aljihu ya ɗan karkace, maɓalli ɗaya ya fita daban, hannu ya fi ni tsawo, kamar wadda aka ba ni kyauta."

"Hawainiyarka ta kiyayi ramata," in ji Tela. Amma ya ɗinka. Da idonsa ya ga an jiƙa rigar a ruwan shayi, an shanya ta a kan kwanon rufi mako guda, an murje gwiwar hannu da dutse. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ranar bai ci abinci da daɗi ba.

Daga nan suka saba. Mai Tsani yakan zauna a bencin shago yana ba shi karatun da bai nema ba.

"Mutane ba sa kallon fuska, Tela. Abin da ke hannunka suke kallo. Ka riƙe tsani, ka zama tsani. Ka riƙe tef ɗin awo da biro, sai a matsa maka hanya. Takalmi ne kawai maci amana: ka sa tsumma tun daga wuya har ƙasa, takalmi mai sheƙi ya tona ka." Ba ya fita aiki da waya, ba ya fita da katin shaida. Ya ce ranar da aka laluba aljihunsa, kada a sami abin da ya saɓa wa rigar. Kuma ya ɗaure Tela da alkawari ɗaya. "Ko 'yata kada ta ji. Ta ɗauka ni akawu ne a ofishin lauya. Bar ta a haka. Wa ke son a ce ubansa leƙe yake ci da shi?"

Makon jiya ya shigo shago yana haki, hannu a ƙirji, ya ce a yi masa faci a gwiwar wani wando.

"Kai, ka huta mana. Ka ga fuskarka kuwa?"

"Aikin zama ne, me zai gajiyar da ni? Wannan na gama, na ajiye."

"Haka ka ce bara."

"Bara ƙarya na yi," in ji shi, ya yi dariya har ta koma tari.

Tela ya auna alkawarin, ya auna la'asar, ya ga alkawari ba ya binne mutum. Ya yaye labulen.

Malamar ta yi tsaye, baki buɗe. Ƙusoshi ne jere a bango, kowace da kayanta. Kakin mai karanta mita da jakarsa. Falmaran mai sheƙi da hular kwano. Rigar mai kai saƙo da kwalin da babu komai a ciki sai tsofaffin jaridu. Farar rigar mai fenti duk ɗigo-ɗigo. A ƙasa takalma ne, kowane a ƙarƙashin rigarsa, ga tukunyar gas da ba ta taɓa ganin gas ba, ga tsanin a jingine.

"Mene ne wannan? Na wa ne?"

"Na babanki ne. Ni na ɗinka su duka. Zan yi miki bayani a hanya."

Ya bi ƙusoshin da yatsa, kamar mai kiran sunan 'yan aji. Ta shida babu komai a jikinta. A ƙasanta akwai alamar inda dogayen takalman roba suka saba zama, shebur ma ba ya lungunsa. Koriyar rigar mai yashe kwata ce ba ta nan, wadda Mai Tsani ya fi alfahari da ita, don ya ce ita ba ƙin kallonka kawai ake yi ba, kau da kai ake yi.

Tela ya dubi agogo, azahar ta wuce.

"'Yata, leburan nan da suka faɗa miki, kin gan shi?"

"Me zai sa in gan shi? Babana ba lebura ba ne."

"Ɗauko jakarki."

A cikin tasi ya faɗa mata komai, a taƙaice, ba ado. Ta saurara tana kallon titi. Da ya gama ta ce, "Shekara goma sha ɗaya kana yi mini ƙarya ke nan, Baba Tela." Ya ce e, haka ne.

Ɗakin ajiyar gawa yana can bayan asibitin, kusa da inda ake wanke zannuwa. Motar hukuma ta riga ta iso, an buɗe bayanta, direban yana zaune a inuwa yana goge haƙori da tsinke. Mai kula da ɗakin, wani gajere mai abin rufe hanci a haɓa, ya gane malamar.

"Ke ce kuma? Ai na faɗa miki babu dattijonki."

"Leburan muke son gani," in ji Tela.

"Kun zo a gaɓa. Da kun ƙara rabin awa, sai dai ku bi mota." Ya jawo takardar 'yan sanda yana karantawa kamar mai karanta farashin kaya. An same shi ran Litinin a bakin kwata, daura da wani gida mai jan ƙofa, a zaune, ya rungume shebur, kansa a kan hannu. Mai shagon da ke wurin ya ce tun hantsi yake haka, ya ɗauka barci yake, irin na leburan da ke satar lokaci. Sai da yamma, da akuya ta zo tana sunsunar bokitinsa bai kore ta ba, sannan aka taɓa shi. Likita ya ce zuciya ce. An tambayi hukumar tsabtace gari, sun ce ba nasu ba ne.

"Mutum nawa suka wuce ta gabansa?" in ji Tela.

"Wa ya ƙirga? Babban titi ne."

Ya jawo gadon ƙarfen da gawar ke kwance a kai, ya ɗage zanen zuwa ƙirji. Tela ba fuskar ya fara duba ba. Ya kama wuyan koriyar rigar ya juya. Ɗinki biyu a jere, na biyun ya kauce da gangan daidai inda shi ya kautar da shi, zaren baƙi a kan kore. Ya san hannunsa ko a duhu. Ya dafa bango. Bai san yana ƙaunar tsohon nan haka ba sai yanzu.

"Shi ne," ya ce.

"Maganarka ba ta isa ba, Malam. Maƙwabci ba ya sa hannu. Sai jini."

Malamar ta matso, ta duba. An aske gemun nan tas. Gashin kai, wanda ta sani fari fat, ya koma baƙi. Fuska da wuya sun sha gawayi da busasshen taɓo, an ɗaure goshi da wani tsumma. Ta daɗe tana kallo, sannan ta girgiza kai.

"Ba shi ba ne. Wallahi ba babana ba ne."

A waje direban ya danna odar motar sau biyu. Mai kula da ɗakin ya ɗaga kafaɗa, ya kai hannu zai mayar da zanen.

"Dakata," in ji Tela. "Don Allah ba ni ruwa. Ko kaɗan ne."

Mutumin ya yi tsaki, amma ya ɗebo a wani ƙaramin kwanon silba. Tela ya zaro hankici daga aljihu, ya tsoma, ya matse. Ya kwance tsumman goshin. Ya fara gogewa a hankali, daga gira zuwa kunci, yana faɗin, "Yi haƙuri, abokina, aiki ya tashi." Gawayin ya biyo hankicin. Fatar ta fito, da tabon da tabarau ya yi shekaru yana bari a kan karan hanci, da ɗan tawadar Allah a ƙarƙashin idon hagu.

Malamar ta saki jakarta a ƙasa.

"Baba," ta ce, can ƙasa-ƙasa. "Haba, Baba."

Mai kula da ɗakin ya leƙa ta taga ya ce wa direba biyu ne za shi da su, ɗaya ya sami masu shi. Ya ajiye takarda da biro a gefen ƙarfen. Ba ta ko kalle su ba tukuna. Ta karɓi hankicin daga hannun Tela, ta tsoma a kwanon, ta ci gaba daga inda ya tsaya, bayan kunne, ƙasan haɓa, ruwan yana ƙara duhu.