Dirka ta Bakwai

Gadar katakon ƙauyenmu ta tashi daga yashi ta miƙe cikin teku, a ƙarshenta kwale-kwale ke tsayawa. Dirkoki ne ke ɗauke da ita, tsutsar teku kuwa ba ta raga musu. Sai ka ga dirka lafiya lau daga waje, cikinta ya zama saƙar zuma. Shi ya sa duk shekara, in iska ta kwanta, ni Arua da yayana Gavera muke bin su ɗaya bayan ɗaya. Ni nake nutso, shi yana sama da guduma, yana taunar buatau, goron ƙasarmu, bakinsa jawur.

A waccan shekarar gwaggonmu Konio ce ta sa mu gaba. Ita ce shugabar mawaƙan coci, kuma mata mawaƙa arba'in za su zo mana baƙunci ta ruwa daga ƙauyen da ke gabas da mu.

"Saura kwana goma," ta ce. "In ƙafar mace ɗaya ta zurma, ku biyun ku nemi wata gwaggon."

"Haba Gwaggo, gadar da ta ɗauke ki ai ta ɗauki arba'in," in ji Gavera. Ta kai masa duka da mafici, ya goce.

Kwana uku muka yi a kan dirkoki shida na farko, muka sauya biyu. Da muka zo ta bakwai, Gavera ya buga mata guduma, ta amsa kamar ganga. Na ɗaura gilashin nutso na sauka.

Ƙarƙashin gada wata duniya ce. Rana tana ratsowa ta tsakanin katakai, tana sauka zara-zara kamar zaren da aka ja a masaƙa, ƙananan kifaye suna shiga suna fita cikinsa. Na bi dirkar da hannu har kusa da laka. A nan na sami kogo, faɗin tafin hannu, a cikin kogon kuma ido yana kallona.

Urita ce, dabbar teku mai taushin jiki da hannu takwas. Ta naɗe jikinta a bakin ramin. A bayanta ƙwai ne fari fat, suna reto daga rufin kogon kamar zangarniyar shinkafa. Tana hura musu ruwa a hankali, tana shafa su da kan hannunta ɗaya. Na manta ina buƙatar numfashi, sai da ƙirjina ya tuna mini.

"Na zaci ka yi aure a can," in ji Gavera da na ɓullo.

"Urita ce a ciki, Yaya. Da ƙwai."

"Madalla! Fito da ita mu dafa, ga kwakwa a gida."

Na kashe irinta ba adadi, na kuma ci da daɗi. Sai kawai na miƙa masa gilashin.

"Sauko ka gani."

Shekara shida rabon Gavera da nutso, tun da kunnensa ya fashe. Ya yi tsaki, ya tofar da buatau, ya bi dirkar ya sauka. Ya daɗe fiye da yadda ya kamata. Da ya hau ya zauna ruwa yana zuba daga gemunsa, yana kallon can inda teku ta haɗu da sama.

"Mu kafa sabuwar dirka a gefe," ya ce.

Haka muka yi. Muka fiƙe gindin sabon itace, muka tsayar da shi daga kwale-kwale, muka ɗaure sanda a gicciye, maza shida suka hau suna jijjiga shi da waƙa har ya nutse cikin laka. Muka ɗaure shi da katakon gada da ƙusoshin ƙarfe. Tsohuwar muka bar ta tsaye ba ta ɗauke da komai.

Gwaggo ta zo duba aiki, ta ja ta tsaya.

"Wannan kuma me ya sa biyu?"

"Mai jego ce a ƙasa," in ji Gavera.

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce Allah Ya shirye mu, ta wuce.

Ranar da baƙin suka zo ban tsaya tarya ba, na sulale ƙarƙashin gada. Suka sauko daga kwale-kwale da waƙa a bakinsu. Sawunsu yana toshe hasken yana buɗewa, waƙar kuma ta biyo dirkoki ta sauko cikin ruwa, babu kalmomi, sai amo mai kaɗa haƙarƙari. Na dafa tsohuwar dirka na ji tana rawa. Uritar ta sauya launi, daga ja zuwa toka, daga toka zuwa wani abu kamar cikin ɓawon katantanwar teku, hannunta bai bar ƙwan ba. Ko katako ɗaya bai motsa ba.

Bayan haka kullum da safe sai na sauka. Na taɓa kai mata kaguwa, ta ture ta waje. Tana ramewa, tana yin fari.

Ran kwana na goma sha tara da fara ganinta na tarar ruwan bakin kogon ya yi ƙura. Da na matsa sai na ga ƙurar tana da idanu. Dubbai ne, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, kowanne da hannuwansa takwas, suna tashi sama cikin zaren hasken. Wasu suka sauka a gilashina, suka huta, suka wuce. Uwar ta yi hurin ƙarshe, na baya suka fito, igiyar ruwa ta ɗebe su zuwa waje.

Washegari ramin babu kowa, har uwar; irinta ba ta rayuwa bayan ƙyanƙyasa.

Muka ɗaura wa tsohuwar dirka igiya, muka kira mutum huɗu su taya mu ja. Kafin su iso Gavera ya gwada ta shi kaɗai, ta taso kamar rake. Muka jawo ta kan yashi ta bushe. Na kwanta a gefenta, rana tana dukan bayana, barci ya ɗauke ni har ruwa ya dawo ya taɓa mini ƙafa.