Rabin Aski

Mai aski ya kwashe gashin ɓangaren dama tas, sai ya kashe injin ya ajiye a kan teburi.

"Wuta aka ɗauke?" in ji ɗan majalisa, yana kallon fanka tana juyawa abinta.

"Wuta na nan, ranka ya daɗe. Tambaya gare ni."

Ɗan majalisa ya dubi madubi: rabin kai ƙwal, rabi kamar ciyawar damina. Saura minti arba'in ya shiga gidan talabijin ya yi bayanin ƙudurin gyaran harkar lafiya. Shekara goma sha biyu a kujerar nan yake aski, tun ba shi da ko keke, bai taɓa jin mutumin nan ya yi tambayar da ta wuce "a rage saje?" ba.

Ai kuwa mai aski ya so ya yi tambayar tasa a inda ya dace. Jiya a taron jin ra'ayin jama'a ya ɗaga hannu har kafaɗa ta ƙage. Mutum uku aka ba dama, duk ukun godiya suka zuba suka zauna. Shi kuwa matarsa sau biyu a sati ake mata wankin ƙoda a asibitin gwamnati, ga shi ya ji ƙudurin zai miƙa sashen ga kamfani. Tun ranar da ya ji haka, abinci ya daina masa daɗi. Tsoro yake ji, na gaske.

"Idan kamfani ya karɓa, ya ce uwar yarana ba ta cikin tsarinsa, ƙofar wa zan buga?"

"Ka ga, gwamnati za ta ci gaba da sa ido…"

"Ido kuma?" in ji wani direban tasi da ke jiran layi a benci. "Ni ma ina sa wa motata ido, amma sai na zuba mai take tashi."

Aka kwashe da dariya, ban da mai aski. Wani tsohon malamin makaranta, wanda kullum yake zuwa shan iskar fanka ko da babu gashin da ya kai a aske a kansa, ya zaro takardun ƙudurin daga aljihu.

"Sashe na sha bakwai, Onarabul. Karanta mana, idona ya yi rauni."

Ƙarya yake, idonsa ras. Ɗan majalisa ya fito da hannu daga ƙarƙashin mayafin aski ya karɓa. Ya fara da muryar majalisa, yana zuwa layi na uku ta koma muryar gida. Kamfani zai ci gaba da kula da marasa lafiyar da ke kan layi na wata shida. Bayan nan takardar ba ta ce komai ba. Ya juya shafin, ya sake juyo shi.

"Wallahi ban kai nan ba," ya ce a hankali.

Mai aski ya ji kunya ta kama shi, don bai yi niyyar tozarta mutum a kujerarsa ba. Ya ɗauki injin.

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe. Bari in ƙarasa, kar ka makara."

"Bar shi." Ɗan majalisa ya cire mayafin, ya danna hula har kunne, ya ninke takardun ya sa a aljihu. "Ranar da na samo maka ƙofar da za ka buga, na dawo ka ƙarasa."

Suna kallo motarsa ta sha kwana.

"In ya tafi wani shagon fa?" in ji direba.

Mai aski ya kakkaɓe kujera.

"Ya je mana. Babu mai askin da zai taɓa kan nan bai tambaye shi wa ya fara ba, da abin da ya hana shi gamawa."